Yadda Kirista Zai Keɓe Lokacin Bimbini da Addu'a a Tsakiyar Hidimomin Yau da Kullum

A cikin Markus 6:31 an ba da labarin wata rana da jama'a suka yi ta kai da kawowa wurin Yesu da almajiransa har ba su sami damar cin abinci ba, sai ya ce musu su zo su keɓe a wani wuri inda ba kowa, su ɗan huta. Wanda ya ci gaba da karanta surar zai ga cewa hutun bai yiwu yadda aka so ba, domin taron ya riga su isa wurin da ƙafa, Yesu kuma ya ji tausayinsu, ya koyar da su, ya ciyar da su. Sai da yamma ta yi, bayan ya sallami almajiran da jama'a, ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Hidima ta cinye lokacin da ya shirya, amma bai bar ranar ta wuce ba tare da ya nemi wani ba.

Yawancinmu muna jiran ranar da ayyuka za su yi sauƙi kafin mu zauna da Maganar Allah, wato bayan girbi, ko bayan jarrabawa, ko idan an yaye yaro, ko idan kasuwa ta daidaita. Wannan rana ba ta zuwa, domin kowace hidima tana barin wata a bayanta. Lokacin bimbini kamar zubin adashe yake: wadda take jira ta ga abin da zai ragu bayan cefane ba za ta taɓa zubawa ba, sai wadda take cire nata tun kafin ta shiga kasuwa. Abin da ake nufi da bimbini a nan shi ne abin da Zabura 1:2 da Joshuwa 1:8 suke magana a kai, wato mutum ya ɗauki wani yanki na Maganar Allah ya yi ta juya shi a zuciyarsa, ya auna rayuwarsa da shi, sa'an nan ya amsa wa Allah cikin addu'a.

Mataki na farko: gano inda lokacin yake tafiya

Kafin ka tsara komai, ka ɗauki mako guda kana lura da yadda yininka yake tafiya. Kowane dare ka rubuta a takarda lokacin da ka tashi, da lokacin da ka fita, da sa'o'in da ka yi a hanya, da waɗanda ka yi a wurin aiki, da na hira, da na waya, da lokacin da ka kwanta. Ka rubuta abin da ya faru da gaske, kada ka rubuta abin da kake so a ce ya faru. Yini ɗaya yana da minti 1,440, minti 15 kuwa ɗan sama kaɗan ne da kashi 1 cikin 100 na wannan. Akwai mutanen da da gaske wannan ɗan kason ma yana yi musu wuya, kamar uwa mai jego ko mai jinyar mara lafiya a asibiti, kuma za a yi magana a kansu a gaba. Amma ga yawancinmu takardar za ta nuna wani abu dabam. Wayoyin zamani da yawa suna da wurin da suke nuna yawan mintocin da aka yi a WhatsApp, Facebook ko TikTok kowace rana, kuma ya kamata ka duba wannan adadi ka rubuta shi tare da sauran.

Akwai wani abu da takardar za ta iya fallasawa wanda ya fi waya wuyar amincewa. Mai himma a ikkilisiya yana iya kasancewa a coci kusan kowace yamma: yau koyon waƙa, gobe taron Zumuntar Mata ko na matasa, jibi addu'ar tsakiyar mako, gata zaman kwamitin gini, ga kuma biki da jana'iza ranar Asabar. Duk waɗannan ayyuka ne masu kyau, ikkilisiya kuma ba za ta tsaya ba sai da su. Sai dai mutum yana iya shafe shekaru a cikinsu yana magana a kan Allah, yana yi wa Allah aiki, ba tare da ya zauna shi kaɗai a gaban Allah ba. A cikin misalin mai shuka, Markus 4:18-19, irin da ya faɗa cikin ƙaya ya tsiro, abin da ya hana shi ba da amfani shi ne damuwar duniya da jarabar dukiya da sha'awar wasu abubuwa, waɗanda suka shaƙe shi a hankali. A ganina wannan kashi na misalin ya fi shafar masu zuwa coci a kai a kai fiye da waɗanda ba sa zuwa.

Mataki na biyu: ɗaura lokacin a jikin abin da ba ya canzawa

Niyyar cewa za ka yi addu'a idan ka sami sarari ba ta daɗewa. Abin da yake daɗewa shi ne ka haɗa lokacin da wani abu da kake yi kowace rana ko ka so ko ka ƙi, har ya zama ɗaya yana jawo ɗaya: da zarar ka wanke fuska, ko da zarar yara sun fita makaranta, ko da zarar ka buɗe shago kafin mai saye na farko ya zo. Daniyel yana riƙe da babban muƙami a mulkin Dariyus, duk da haka Daniyel 6:10 ta ce yakan durƙusa sau 3 a rana yadda ya saba, kuma maƙiyansa sun san lokutan sarai har suka gina makircinsu a kansu. Mai Zabura ma ya ambaci maraice da safe da tsakar rana a Zabura 55:17. 'Yan'uwa Katolika suna da irin wannan tsari a addu'ar Angelus da ake yi da ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma. Mu da muke zaune tare da maƙwabta Musulmi muna ganin amfanin ƙayyadadden lokaci kowace rana, domin ɗan kasuwa yakan bar rumfarsa ya tafi salla ko da ciniki yana tafiya. Kirista ba ya ƙarƙashin dokar sa'o'i, amma 'yancin da aka ba shi na ya zaɓi lokacinsa ne, ba na ya zauna babu lokaci ba. Wanda kiran asuba yake tashinsa daga barci kuwa ya riga ya sami abin da zai ɗaura nasa lokacin a jiki.

Safiya ta fi dacewa da mutane da yawa, kuma Markus 1:35 ta nuna Yesu yana tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa. Dalilin a fili yake: da safe ba a riga an ɓata maka rai ba, ba a kira ka ba, kuma abin da ka karanta zai bi ka cikin yinin. Amma wanda yake so ya tashi ƙarfe 5 dole ya yanke shawarar tun daren jiya, domin wanda ya kai ƙarfe 12 yana kallo ko yana hira a waya zai buɗe Littafi ne kawai ya yi gyangyaɗi a kansa.

Duk da haka kada a mai da safiya doka. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, da mai gadi, da direban da ya kwana a hanya, safiyarsu lokacin barci ce, gara su zaɓi bayan sun tashi sun yi wanka. Manomi da damina yana sammako ne don ya riga rana, saboda haka hutun tsakar rana a ƙarƙashin bishiya zai fi masa, da rani kuma ya koma safiya. Farawa 24:63 ta nuna Ishaku ya fita saura da yamma yana tunani. Uwar da take tashi da hura wuta da shirya yara tana iya samun natsuwa bayan gida ya yi shiru da hantsi. Malamin makaranta yana iya isa aji minti 20 kafin a kaɗa ƙararrawa. Ka zaɓi lokacin da hankalinka yake a farke, wanda kuma za ka iya riƙewa a ranar da ta fi kowace cunkushewa a makonka.

Game da tsawon lokacin, ka fara da minti 15, ko 10 idan hakan ya yi maka yawa. Mutane da yawa sukan dawo daga taron farkawa da alkawarin sa'a guda kowace asuba, su yi kwana kaɗan su gaji, kunya kuma ta hana su sake farawa. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ɗan lokacin ya zauna daram na wata ɗaya ko biyu, kai da kanka za ka ji ya yi maka kaɗan.

Mataki na uku: wuri da kayan aiki

A Matiyu 6:6 Yesu ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Iyalin da suke zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya ba su da ƙofar da za su rufe, amma manufar, wato kaɗaicewa daga idon mutane, tana yiwuwa ta wasu hanyoyi: kujera a bayan ɗaki, ko zaure kafin mutane su fito, ko cikin mota kafin a tayar da ita, ko shago kafin a ɗaga labule. Majami'u da yawa suna buɗe a ranakun mako, wanda hanyarsa ta bi ta gaban ɗaya yana iya neman izinin fasto ya riƙa zama a ciki na ɗan lokaci. Ka gaya wa mutanen gida abin da kake yi, domin yara da suka san cewa Baba ko Mama na addu'a a wannan kujera sukan koyi jira, kuma suna koyon wani abu mafi girma daga ganin hakan. Miji ya kamata ya riƙe jariri na minti 15 domin matarsa ta sami nata lokacin, wannan ma hidima ce ga Ubangiji.

Ka ajiye Littafi Mai Tsarki da ƙaramin littafin rubutu da biro da tocila wuri ɗaya tun da dare, don kada rashin wuta ko neman biro ya cinye rabin lokacin. Na fi ba da shawarar Littafi na takarda. Wanda yake karantawa a waya yana buɗe ƙofar da saƙonni suke shigowa, idan kuwa wayar ce kaɗai abin da kake da shi, ka kashe data kafin ka buɗe.

Mataki na huɗu: yanke shawarar abin da za a karanta tun kafin a zauna

Buɗe Littafi ko'ina da ido rufe yana sa mutum ya yi ta komawa ayoyin da ya riga ya sani, yana kuma sa a fizge aya daga mahallinta. Gara ka ɗauki littafi ɗaya ka bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Markus ya dace da mai farawa, domin surori 16 ne kawai, labaransa gajeru ne, kowanne kuma yana iya tsayawa a matsayin karatun rana ɗaya. Karin Magana, wanda tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 take kira Misalai, yana da surori 31, don haka ana iya bin kwanan wata. Zabura 150 ne, kuma su ne suka fi koya wa mutum yadda zai gaya wa Allah gaskiyar abin da yake ji, har da fushi da tsoro. Zabura 119 kaɗai tana da ayoyi 176 a sassa 22 masu ayoyi 8 kowanne, wato karatun kwana 22. Sabon Alkawari yana da surori 260, wanda ya karanta sura ɗaya a rana, kwana 5 a mako, zai gama shi a makonni 52, ya kuma bar kwana biyu kowane mako don cike gurbi.

Sai dai karatu domin a gama Littafi dabam yake da bimbini. Surori 1,189 na littattafai 66 ana iya gama su a shekara idan ana karanta 3 ko 4 a rana, wannan kuma abu ne mai kyau ga wanda yake da hali. Amma ga mai minti 15, ayoyi 5 zuwa 12 sun isa. Littattafan ibada na kullum, irin su Abincin Yini na ECWA, suna taimakawa ƙwarai wajen ba da tsari, sharaɗin kawai shi ne ka fara karanta nassin da kansa ka yi tunani a kai kafin ka duba bayanin marubucin, in ba haka ba za ka saba da cin abin da wani ya tauna. Ka yi karatu da harshen da kake tunani da shi, ko Hausa ne ko harshen gidanku. Wanda bai iya karatu ba, ko idonsa ya yi rauni, yana iya sauraron Littafi Mai Tsarki na murya a waya, ko jika ya karanta masa ayoyin sau biyu, sauran matakan duka ɗaya ne.

Mataki na biyar: yadda za a yi amfani da minti 15 ɗin

Wani shugaban masu zaman zuhudu a Faransa mai suna Guigo ya bayyana a ƙarni na 12 matakai 4 da Kiristoci suke bi har yau: karatu, bimbini, addu'a, da natsuwa a gaban Allah. Ana iya raba ɗan lokacin bisa wannan tsari.

Ka fara da minti ɗaya na shiru, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka abin da za ka karanta. Sa'an nan ka karanta nassin sau biyu, na biyun da murya ƙasa-ƙasa, domin abin da baki ya furta kunne ya ji ya fi zama fiye da abin da ido ya bi a guje. Wannan zai ɗauki kamar minti 3.

Minti 5 ko 6 na gaba su ne zuciyar aikin. Ka tambayi nassin abin da yake faɗa a zahiri, da abin da yake nunawa game da Allah, da kuma inda ya taɓa rayuwarka a wannan rana. A ɗauki Luka 10:38-42 a matsayin misali. Marta ce ta karɓi Yesu a gidanta, tana ta hidima yayin da 'yar'uwarta Maryamu ta zauna tana sauraronsa, kuma duk wanda ya san nauyin baƙo a gida ya san cewa dole wani ya shiga madafa. Wanda ya karanta a hankali zai lura cewa Yesu bai tsawata mata don tana aiki ba. Abin da ya ambata shi ne damuwarta da tashin hankalinta a kan abubuwa da yawa. Zai kuma lura da inda damuwar ta kai ta: ta fara zargin Ubangiji cewa bai kula ba, ta kuma kai ƙarar 'yar'uwarta a gaban baƙi. Daga nan tambayar takan juyo kan mai karatu. Wace hidima ce ta sa na fara jin cewa Allah bai damu da ni ba? Wane ne nake jin haushinsa a gida ko a coci domin ina ganin ni kaɗai nake wahala? Shin abin da nake dafawa da yawa haka an roƙe ni, ko kuwa ina neman a yabe ni ne? Irin waɗannan tambayoyi ba sa fitowa a karatun farko, kuma ba a samun amsarsu sai an ɗan zauna da su.

Idan wata aya ta yi maka wuyar ganewa, ka rubuta ta ka kai wa fasto ko wani dattijo daga baya, kada ka ƙirƙira mata ma'ana. Haka kuma duk wani tunani da ya zo maka a lokacin shiru, ka auna shi da sauran koyarwar Littafi kafin ka ce Allah ne ya faɗa maka, musamman idan tunanin ya shafi zargin wani mutum ko yanke babbar shawara.

Bayan haka ka yi addu'a ta minti 3 ko 4 wadda ta fito daga abin da ka karanta. A misalin Marta, za ka furta haushin da ka gano, ka ambaci sunan wanda kake riƙe da shi, ka roƙi ikon ajiye abin da ba a ɗora maka ba, sa'an nan ka kawo bukatun ranar da na waɗanda ka yi wa alkawarin addu'a. Matiyu 6:7 ta ce ba yawan magana ne yake sa a ji mutum ba. Ka rufe da ɗan shiru, ba tare da roƙon komai ba, kana tuna cewa kana gaban wanda ya san ka. Kafin ka tashi, ka rubuta kwanan wata, da nassin, da jimla ɗaya ta abin da ka gani, da abu ɗaya da za ka yi yau saboda shi. Yakubu 1:22-25 ta yi gargaɗi a kan mai ji wanda yake tashi ya manta nan take, wannan jimla ɗaya kuwa ita ce maganin mantuwar.

Tunani zai yi ta yawo, wannan ba alamar rashin bangaskiya ba ce. Idan kuɗin makaranta ko bashin da ake binka ya faɗo maka a rai, ka rubuta shi a gefen takarda don ka tabbata ba zai ɓace ba, ka koma kan ayar. Idan ya ƙi tafiya, ka mai da shi addu'a, domin mai yiwuwa shi ne ainihin abin da ya kamata ka kawo a ranar.

Mataki na shida: ɗaukar abin da aka karanta zuwa cikin yini

Nehemiya yana tsaye a gaban sarki Artashate da ƙoƙon ruwan inabi, sarki ya tambaye shi abin da yake so, Nehemiya 2:4 kuma ta ce ya yi addu'a ga Allah na Sama kafin ya amsa. Addu'ar ba za ta wuce numfashi ɗaya ko biyu ba, amma sura ta farko ta nuna cewa ya riga ya yi kwanaki yana azumi da addu'a a kan maganar. Gajerun addu'o'in cikin yini suna samun ƙarfinsu ne daga zaman da aka yi a keɓe, shi ya sa ba za su maye gurbinsa ba.

Ka zaɓi aya ɗaya ko rabin aya daga karatun safe, ka rubuta a 'yar takarda ka sa a aljihu, ko ka manna kusa da murhu ko a jikin keken ɗinki. Ayyukan da hannu ya saba da su, kamar wanki, shara, surfe, noma da ɗebo ruwa, suna barin zuciya a sake, a nan ne za a iya maimaita ayar ko a rera waƙar sujada. Ma'aikacin da yake shafe lokaci a cunkoson hanyar Mararaba zuwa Abuja kowace safiya yana da lokacin sauraro fiye da yadda yake zato. A ƙarni na 17 wani mai hidima a gidan zuhudu a birnin Paris, wanda aka sani da Ɗan'uwa Lawrence, ya yi shekaru yana aiki a madafa, kuma abin da ake tunawa da shi har yau shi ne yadda ya saba da yin magana da Allah a tsakiyar tukwane. Ta wannan hanya ce umarnin 1 Tasalonikawa 5:17 na yin addu'a ba fasawa yake zama abin da mai aiki zai iya bi.

Mataki na bakwai: duba yini kafin barci

Zabura 4:4 ta ce mutum ya yi tunani a zuciyarsa a kan gadonsa, ya yi shiru. Wani firist ɗan Katolika mai suna Ignatius na Loyola a ƙarni na 16 ya koya wa mabiyansa su riƙa duba yininsu a gaban Allah, kuma minti 5 sun isa a yi wannan. Ka fara da godiya a kan abubuwan da suka faru yau, kana ambatonsu ɗaya bayan ɗaya. Ka bi yinin daga safe zuwa dare kana tambaya ko ka aikata abin da ka rubuta. Inda ka yi zunubi ka furta shi da sunansa, kana dogara ga alkawarin gafara na 1 Yahaya 1:9. Idan akwai wanda kuka saɓa da shi a cikin gida, Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kana cikin fushi, saboda haka gara a yi maganar kafin a kwanta.

Sujadar iyali ta safe ko ta dare, wadda gidaje da yawa suke yi da waƙa da karatu da addu'a, tana da tushe a Maimaitawar Shari'a 6:7, kuma bai kamata a bar ta ba. Amma mai jagorantar ta yana tunanin abin da zai koya wa yara ne, akwai kuma abubuwan da mutum ba zai furta a gaban 'ya'yansa ba. Don haka a riƙe biyun, ko da na keɓen zai zama gajere.

Idan tsarin ya karye

Zai karye, ko don rashin lafiya, ko baƙi, ko tafiya, ko rasuwa, ko don kasala kawai. Idan ka yi kwana 3 ko mako 3 ba ka zauna ba, kada ka ce sai ka rama duk abin da ya wuce, ka ci gaba daga inda ka tsaya a rana ta gaba. Makoki 3:22-23 ta ce jinƙan Ubangiji sababbi ne kowace safiya, kuma karɓuwarka a gabansa tana kan aikin Almasihu ne, ba a kan yawan kwanakin da ka jera ba. A lokutan da suka fi tsanani, kamar jego ko jinya ko makon girbi, ka rage tsarin zuwa mafi ƙanƙantarsa: aya ɗaya da Addu'ar Ubangiji a hankali. Zabura 117 ayoyi 2 ce kawai, uwa tana iya maimaita ta tana shayarwa.

Akwai kuma kwanakin da za ka karanta ka ji babu abin da ya motsa. Ka ci gaba da zuwa, ka karanta Zabura 42 ko 13, waɗanda mutanen da suka ji Allah ya yi nisa suka rubuta. Idan bushewar ta zo tare da rashin barci, da rashin son abinci, da baƙin ciki mai nauyi na makonni, ka gaya wa fasto, ka kuma ga likita.

Yana da amfani ka sami aboki ɗaya mai tsoron Allah, namiji da namiji, mace da mace, wanda za ku riƙa tambayar juna sau ɗaya a mako abin da kowa ya karanta da abin da ya yi da shi. Ranar Lahadi da yamma ka ɗauki rabin sa'a ka sake duba nassin da aka yi wa'azi a kai, ka karanta abin da ka rubuta a cikin makon, ka kuma duba makon da yake zuwa don ka san ranar da lokacinka zai ci karo da wani abu, ka matsar da shi tun da wuri. Bayan wata ɗaya ka ƙirga kwanakin da suke da rubutu a littafinka. Idan ranakun da babu rubutu sun fi yawa, ka canza lokacin ko wurin ka sake gwadawa na wata guda. Idan kuma ka ga cewa hidimomin coci ne suke cinye kowace yamma har kake kwanciya a makare, ka je wurin fasto ko dattawa cikin ladabi ka nemi a sauke maka ɗaya daga cikinsu, ka gaya musu dalilin.